Kwana Arba'in na Kaluluwar Nomau

Da sunan Wanda ya saukar da ciwo ya saukar da magani, ya ajiye ɗaya a ƙofar ɗaki, ya ajiye ɗaya bayan duwatsu, don mai ƙafa ya yi tafiya, mai ido ya yi kallo, mai baki ya yi tambaya. Ku matso ku ji labarin tafiyata, ni Tsahara ta Birnin Rufe-Sawu, wadda ba ta zauna gaban malami ba, ba ta gaji bokanci ba, ɗan abin da ta sani da ƙafarta ta je ta ɗauko. Wanda ya yarda ya yarda. Wanda bai yarda ba, hanyar tana nan, ba a naɗe ta ba.

Garinmu yana bakin wani tafkin gishiri, can inda rana ke faɗuwa sau biyu ranar Laraba. Mazanmu gishiri suke haƙa. Muna kuma da wata al'ada da sai kun san ta za ku gane sauran zancen: namiji ba ya nuna tafin ƙafarsa. An ce kakan da ya kafa garin daga fagen yaƙi ya gudo, abokan gaba suka yi ta yi masa waƙa wai ba su san fuskarsa ba, tafin ƙafarsa kawai suka sani. Da ya huta, ya rantse ba za a ƙara ganin tafin wani namiji na zuriyarsa ba. Tun daga nan, namiji na tasowa ake ɗinka masa huffin fatar akuya har ƙwauri, da shi zai kwanta, da shi zai tashi. Kowane gida akwai wani ɗan ɗaki bayan rumbu, ɗakin ƙafa muke ce masa, nan maigida ke shiga shi kaɗai ya yi alwala ya fito kamar bai yi komai ba. Wanda aka ga tafinsa, sunansa matsoraci har jikokinsa. Shekara arba'in da ɗaya ina auren Nomau, amma da wani zai ce min kofato gare shi, ba ni da hujjar musu.

Nomau ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Yana munshari, yana sa gishiri a kunu, in ka tambaye shi abu yau sai jibi ya amsa. Amma na saba da shi, kuma a shekaruna ba ni da ƙarfin koya wa wani inda ake rataye ludayi.

Wata safiya ya fito daga ɗakin ƙafa yana ɗingishi. Kwana biyu sai ga kaluluwa a gindin cinyarsa ta hagu, kamar ƙwan agwagwa, da zafi, da zazzaɓi. A garinmu kuwa an ɗauka kaluluwa ƙwai ne da iska ke sakawa a jikin mutum, in ya wuce kwana arba'in zai ƙyanƙyashe. Babu wanda ya taɓa ganin abin da ke fitowa, don ba a bari ya kai. Ranar arba'in Sarkin Aska Bagudu ke zuwa da askarsa ya yanke ta. Cikin goma da ya yanka uku ke tashi, su ma da sanda. Bagudu ya zo ya duba, ya auna kumburin da zare, ya ce saura kwana talatin da bakwai, ya sha furarmu ya tafi.

Na ce wa Nomau zan je neman magani. Ya tambaye ni ina. Na ce inda ba a yanka mutane. Ya ce to.

Saura wanda zai ba shi abinci. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Gwamma, amma shekara arba'in da ɗaya ba mu gaisa ba. Wata guda kafin aurena ta taya ni ɗaukar tulu a bakin rijiya, na dawo gida babu ɗan kunnena ɗaya na tagulla. Na ce ita ta ɗauka, ta ce ba ita ba, muka yi ta a tsakiyar unguwa. Ɗayan na bar shi a kunnena tun ranar, don ta riƙa gani. Saboda haka na tsaya jikin katanga na faɗa wa iska cewa akwai majinyaci a gidan nan, yana ci sau biyu a rana. Iskar da ke can gefen ta amsa cewa ta ji. Na ƙulla gishiri a bakin zane, na ɗauki igiyar da zan riƙa ƙulli a kanta kowace safiya, na fita.

Hanyar gabas ta Kogin Komawa ce. Wannan kogi daga asuba zuwa azahar gabas yake gudu, daga azahar sai ya juyo yamma da duk abin da ya ɗauka. Mutanen bakinsa kullum suna shiga jirgi da safe, su sauka ƙofar gidajensu da la'asar, su zauna ba da labarin tafiya. Ni da azahar ta yi sai in ɗaure jirgina jikin itace in zauna har gobe. Suka ce ban iya tafiya ba. Kwana shida na isa ƙasar Jiƙau.

Tun daga nesa na ji warin saiwa. Mutanen Jiƙau ba sa jiran ciwo, tun kafin ya zo suke shan maganinsa. Kowa da gora a wuya, in sun haɗu ba sa cewa ina kwana, cewa suke me ka sha. Cikinsu ya cika da jiƙo har babu gurbin abinci, duk sun zama kamar sillen kara, suna tafiya suna dafa bango. Dokar ƙasar kuwa, baƙo sai ya sha tukwane ɗari uku da ke fada, ɗaya bayan ɗaya, har a dace da ta ciwonsa. In ya ce lafiyarsa ƙalau, a tsare shi har ciwon ya bayyana. Yawanci wajen tukunya ta ashirin yake bayyana.

Aka kai ni gaban Sarki Maijiƙo, mutum biyu na riƙe da shi don kada rawaninsa ya kayar da shi.

"Baƙuwa, me ke damunki?"

"Ranka ya daɗe, mijina."

"Tukunya ta sittin da huɗu ce ta wannan," in ji shi.

Na yi masa bayanin kaluluwa. Ya ce tukwane arba'in ne nata, kuma duk suna aiki. Na tambayi inda waɗanda suka sha arba'in ɗin suke, in gan su. Ya ce sun huta. Aka fara ni da tukunya ta ɗaya, goma a rana.

Kwana biyu ina sha ina kallo. A duk fadar mutum ɗaya na gani da kumatu, wata mata mai wanke tukwane, Yalwa sunanta. Tana ɗaukar tukunya biyu a tafi ɗaya. Na ja ta gefe na tambaye ta wace tukunya take sha. Ta sunkuyar da kai don kunya, ta ce, "Inna, ni ban kai a ba ni jiƙo ba. Ganyen da aka tace aka zubar nake tsincewa, zogale da rama da irinsu, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli. In azahar ta yi kuma in kwanta, don ba mai nemana." Ta roƙe ni kada in tona mata asiri.

Ranar da aka kai ni tukunya ta talatin, hanjina ya fara magana da ni. Na nemi iso wajen sarki, na ce a ƙasarmu akwai wani magani da babu shi cikin ɗari ukunsa, ba shan sa ake yi ba, taunawa ake. Ya ce ba zai yiwu ba. Sannan ya ce a ba ni tukunya. Na sa Yalwa ta nemo dawar da suke ba dawaki da busasshen kifin da suke ba kyanwa. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar zogale da tafarnuwa da citta, na kwance bakin zanena na sa gishirin garinmu. Na ce ƙa'idarsa malmala biyu, sannan a miƙe a tabarma. Sarki ya ci huɗu, ya ce yana jin aikin maganin har ƙeya. Kafin la'asar fada duk ta yi barci, tun daga sarki har mai gadin ƙofa. Ta babbar ƙofa na fita, na ma gyara wa mai gadi mashinsa da ya faɗi.

Yalwa ta raka ni bakin gari da ƙullin tafarnuwa, citta, gangamau da ɗan goran zuma. Ta ce waɗannan suna ba jiki ƙarfin tsayawa, ita shaida ce, amma ba ta san ko suna saukar da kaluluwa ba, ba za ta yi min ƙarya ba. Sai dai in je Dajin Masu-Baki in tambayi itatuwan da kansu. Na ce ta zo mu tafi. Ta ce a'a, in sun farka za su nemi ƙarin maganin, ita kaɗai ta ga yadda aka yi shi. Na ji daga baya ita ce waziriya.

Igiyata na da ƙulli goma sha bakwai na shiga dajin. Kasuwar kowane gari kuka sani, ba ta kai shi hayaniya ba. Kowace itaciya na tallan kanta. Darbejiya na cewa tana maganin ciwo casa'in da tara. Maɗaci ya ce shi ɗari. Sabara ta ce ita har mutuwa, in an zo da wuri. Na ɗaga kai sai na ga tsummoki da takalma rataye a rassa. Na matafiya ne. Duk wanda ya tsinki ganyen ɗaya, sauran sai su cafke shi, kowace na cewa sai ya ɗauki nata, har su raba shi.

Na zauna a kan dutse na naɗe hannu. Na yi shekaru ina sayayya a kasuwa, na san mai kaya ba ya gajiya da yabon kayansa. Da suka ɗan lafa, sai na ce ni ba abin da suke warkarwa na zo ji ba. Wace ce za ta faɗa min ciwon da ba ta iyawa?

Nan take tallan ya tsaya cak.

Can sai wata tsohuwar bagaruwa, duk ƙaya, ta yi gyaran murya daga gefe. Ta ce, "Ni ba na saukar da kumburi. Miki nake busarwa, in an tafasa 'ya'yana aka wanke da ruwan. Shi ke nan aikina. Kuma in kin ga kumburi mai tauri kamar dutse, ba ya zafi, ba ya motsi, yana ƙaruwa, kada ki zo wurina, kada ki je wurin ɗayanmu. Wannan ya fi ƙarfin itace, a nemi masana cikin jiki." Na tambaye ta na kaluluwa mai zafi fa. Ta ce ba ta sani ba, amma a Birnin Numfashi, kwana uku gaba, gine-gine ma na kumbura, in je in gani.

Raina ya ɓaci, don Nomau ba shi da wani miki da na sani. Amma ban saba barin kasuwa hannu wofi ba. Na tsinci 'ya'yanta cike da ƙunshi. Nan take rassa suka fara saukowa kaina ta ko'ina. Na ce su dakata, zan ɗauki na kowa, amma bisa girma, sai su faɗa min wadda aka fara shukawa. Kuka ta ce ita. Tsamiya ta ce tana nan aka haifi kuka. Suka kama juna, rassa suka sarƙe a sama, na bi ta ƙarƙashi na wuce. Ina jin har yanzu ba su gama ba.

Birnin Numfashi da ƙasa mai rai aka gina shi. Ganuwarsa na tashi tana sauka kamar ƙirjin mai barci, in ka dafa bango ka ji ɗumi. Na iso ranar da zauren ƙofar kudu ya kumbura, ya yi jajir, ya toshe rabin hanya, ƙofarsa ta matse ba ta buɗuwa. Galadiman garin ya ga baƙuwa ya ga kumburi, ya haɗa su. Ya ce ni na kawo, a jefa ni ciki ta saman rufin, gobe a rushe zauren da ni da abin da na kawo.

Ciki zafi kamar tanderu. Cike yake maƙil da wasu dogarai farare, gajeru kamar turmi, ba sa magana, ba su ko kalle ni ba. Su ne masu tsaron garin, daga cikin bango ake haifarsu. Na sami kusurwa na tsuguna. Ta wata 'yar taga na ga wani tsoho zaune a waje yana kallon zauren da baƙin ciki. Shi ne Magini Shekarau, wanda aka ba aikin rushewa. Ya ce min zamanin kakansa an rushe zauren arewa da ya kumbura haka, wata bai yi ba gara ta cinye unguwar duka. Ya faɗa wa Galadima, Galadima ya ce kumburin na ɓata masa gari. Na tambaye shi me ke kawo kumburin. Ya ce shi magini ne, daga waje yake gani.

To ni ina ciki, kuma ba ni da aikin yi. Na lura dogaran nan ba zaune suke ba. Akwai wata magudana a ƙasan bango, ta nan suke fita, ta nan suke dawowa, kowane da gara a hannu, girmanta kamar ɓera, ya murƙushe ta ya jefar ya koma. Wasu sun dawo da rauni, sababbi na fitowa daga bango suna maye gurbinsu. Yawansu ne ya cika zauren har ya kumbura. Kuma duk ta magudana ɗaya suke bi, ba su taɓa bin sauran ba.

Na kira Shekarau na ce, "Baba, wannan magudana daga ina ta taso?" Ya ce daga can ƙarshen gari, bayan marina. Na ce ya bi ta har inda ta ƙare ya dawo ya faɗa min. Ya ce ai tsakanin nan da can tafiya ce, me ya haɗa su. Na ce ni ma ban sani ba, amma ni za a rushe wa gini a kai, ya je.

Da la'asar ya dawo yana haki. A gindin ganuwa, inda ba mai zuwa, ya sami karyayyen ruwan fartanya cake a bango. Ƙasar wurin ta ruɓe, gara na shiga ta nan kamar ana zuba ta. Ya zare ƙarfen, ya ƙwaƙule ruɓaɓɓiyar ƙasa, ya wanke, ya shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da shi. Da safe Galadima ya aiko a fara rushewa, Shekarau ya ce ƙotar diga ta karye. Washegari ya ce ma'aikata sun tafi suna. Magini bai taɓa rasa dalilin jinkiri ba. A kwana na huɗu dogarai suka ragu, zafi ya sauka, bango ya koma wurinsa, ƙofa ta buɗe da kanta. Galadima ya ce dabararsa ce.

Na fito na zauna bakin hanya ina duba igiyata, ƙulli ashirin da biyar. Sai na tambayi kaina, zauren Nomau a gindin cinya yake, to magudanarsa daga ina ta taso? Na bi da ido a ƙafata, daga cinya zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙwauri. Na tsaya inda huffi ke farawa.

Na sani, a nan ƙasarku ko mai tallan gyaɗa ta san in ƙafa ta yi miki kaluluwa ke fitowa. Ku yi dariyarku. Ku kuna ganin ƙafafun mazanku.

Komowa ba labari. Na zagaye dajin, na zagaye Jiƙau, na shiga Kogin Komawa da azahar ina ɗaurewa da asuba. Mutanen bakinsa suka ce yanzu ma ban iya ba. Da hantsin kwana na arba'in na shiga gida.

Bagudu na tsakar gida yana wasa aska a kan fata. Na lura a kan turmi ya zauna, ƙafar dama miƙe, in ya motsa sai ya ciji leɓe. Nomau na kan tabarma, ya rame, idonsa ya faɗa. Gefensa akwai akushi wanda ba namu ba, an cinye rabi. Ya ce sannu da zuwa. Ya tambaya ko na samo.

"Malam, cire huffin nan na hagu."

Ya kalle ni kamar na ce ya cire kansa. Ya ce, "Tsahara, gara a yanka."

Bagudu ya ce in ji tsoron Allah, mutum na bakin kabari zan ƙara masa da sunan matsoraci. Na ce ba wanda zai ga komai, a ɗakin ƙafa za a yi, zan ɗaure idona da ɗankwali, da hannu zan yi aiki. In kwana bakwai suka wuce zarensa bai nuna ragi ba, ya yanka, ni zan riƙe masa ƙwarya. Ya ce ba a taɓa ƙetare arba'in ba. Na dubi ƙafarsa da ke miƙe, na tambaye shi tasa kwana nawa yau. Ya dubi askar. Ya ce ashirin da shida. Na tambayi wa zai yanka masa. Ya ce ƙanensa, wanda hannunsa ke rawa. Ya mayar da aska kube, ya ce kwana bakwai ba wani abu ba ne.

Nomau dai ya ƙi. Ya ce ba don al'ada kaɗai ba. Na ce don me. Ya ce ba komai. Na ce masa na sha tukunya talatin, itatuwa sun kai min hannu, gari ya haɗiye ni kwana huɗu, ba zan dawo ƙafa ɗaya ta gagare ni ba. Na ja shi ɗakin ƙafa na zauna a kan gwiwarsa. Zazzaɓin kwana arba'in ba ya bar wa namiji ƙarfin ra'ayi.

Na ɗaure ido kamar yadda na yi alkawari. Ɗankwalin ya tsufa, ana gani ta cikinsa sarai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ƙafa ce kamar ta kowa, yatsu biyar. Warin ne ya fara gaya min. A dugadugi akwai miki, ya kumbura ya tara ruwa, gishirin tafki na shiga yana ƙara cin sa. Na tafasa 'ya'yan bagaruwa da ɗan gishiri, na bari ya huce, na wanke, na sake wankewa. Na ƙona bakin matsefata a wuta na shiga nema. Nomau bai yi ƙara ba, ya dai ambaci sunan mahaifiyarsa sau biyu. Na zaro wani ɗan abu lanƙwasasshe, ban kai ga ɗauraye shi ba na gane tagulla ce. Na ɗauki huffin na zazzage. Wani abu ya faɗo ƙasa ya yi ƙara.

Ɗan kunnena ne, maƙalarsa a karye.

Na shafa zuma a mikin, na naɗe da tsumma mai tsabta, na ƙulle. Sai da na gama na ce ina jin sa.

Ya ce a bakin rijiya ya tsinta, ranar. Ya yi niyyar kawo min don ya sami abin da zai ce, shi da ba ya iya fara magana. Kafin ya iso ya tarar muna yi da Gwamma, ya ji abin da nake cewa za a yi wa ɓarawon, ya koma. Ya ɗinke shi cikin huffi, inda mazan garinmu ke ajiye abin da ba sa so a gani. Duk huffin da ya sauya sai ya mayar da shi. Bana fatar ta cinye, maƙalar ta huda shi yana tsakiyar tafki, ta karye a ciki.

Na ce, "Shekara arba'in da ɗaya. Me ya hana ka jefar da shi a tafki ka huta?"

Na ɗauka sai jibi zai amsa. Sannan ya ce, "Naki ne."

Na ce ya ɗaga ƙafar a kan turmi kada ta taɓa ƙasa. Na fita na hura wuta, hayaƙi ya dame ni a ido.

Kaluluwar ban taɓa ta da komai ba sai tsumma mai ɗumi, safe da yamma, ban matsa ba, ban tsaga ba. Mikin nake wankewa kullum. Na ɗura masa miyar zogale da tafarnuwa da citta, kunu da gangamau da zuma, babu gishiri, ya yi ƙorafi na ce ya kai ƙara. In azahar ta yi in sa shi barci. Kwana uku zazzaɓi ya sauka. Ranar bakwai Bagudu ya zo da zarensa, ƙwan agwagwa ya koma na tattabara. Ya auna sau uku. Da zai tafi ya tsaya a zaure, ya tambaya a hankali ko ɗankwalin nan yana nan. Ƙaya ce a tasa, tsakanin yatsu.

Yanzu rabin mazan garin sun bi ta ɗakin ƙafarmu, kowa ya shiga ta bayan rumbu yana cewa gishiri ya kawo. Ba duka na iya ba. Mutum biyu sun zo da mai tauri marar zafi, na faɗa musu abin da bagaruwa ta faɗa min, na nuna musu hanyar kogi. Har yau babu wanda ya ga tafin kowa a Birnin Rufe-Sawu, kuma ban sauya ɗankwali ba.

Saura akushi. Na kai wa maƙeri ɗan kunnen ya gyara maƙala, na sa duka biyu, na wanke akushin na cika shi da tuwo, na je na tsaya inda katanga ta fi gajarta. Gwamma na tankaɗe. Ta dubi kunnen dama, ta dubi na hagu, ta ci gaba da tankaɗenta.

"A ina?" in ji ta.

"A ƙafar wancan."

"Na sani. A gabana ya tsinta."

Na ce to me ya hana ta faɗa, duk shekarun nan.

Ta karkaɗe rariya, ta miƙo hannu ta karɓi akushin, ta buɗe ta duba miyar. Ta ce, "Ba ki tambaye ni wa ya ɗauka ba. Cewa kika yi ni ce."

Washegari na ce mata ina kwana. Ta ce gishiri ya yi yawa a miyar.

Nan tafiyata ta tsaya, nan igiyata ta ƙare. Abin da na ƙara a ciki Allah ya yafe, abin da na rage Nomau ya sani, ku tambaye shi, zai amsa muku jibi.